'Yar Fitilar Taya da Ta Hana Ni Zuwa Wurin Babana

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karanta wannan shafi. Na daɗe ina karanta labaran mutane a nan, ina taɓe baki ina cewa ni dai ba zan taɓa zazzage wa duniya cikina ba. To ga shi yau ni ce riƙe da biro. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba. Wanda ya gane ni a Haɗeja, don Allah ya rufa mini asiri.

Lokacin da abin ya faru ni malamar firamare ce, na ɗan haura shekara talatin, kuma ban daɗe da fita takaba ba. Allah bai ba mu haihuwa ba ni da maigidana, saboda haka da 'yan gaisuwa suka ɗauke ƙafa, matan da suka taya ni zama suka koma ɗakunansu, sai gidan ya rage daga ni sai agogon bango, sai kuma motar da ke fake a ƙarƙashin rumfa. Ni mace ce mai baki, ba a faɗa mini in yi shiru, kuma in na kafe a kan abu to sai dai a haƙura. Marigayi yakan tsokane ni ya ce da ana sayar da taurin kai a kasuwar kifi, da tuni ya daina wahalar zuwa Kano. Fataucin busasshen kifi yake yi. Shi ya sayi motar, wata farar 'yar Kwatano da ta ɗan sha jiki kafin ta zo hannunmu, ya mallaka mini tun yana raye, ya kuma koya mini tuƙi a filin ƙwallon da ke bayan makarantarmu, yana dariya ina masifa.

A wurin koyon nan ne ya nuna mini wata 'yar fitila ruwan ɗorawa a gaban sitiyari. Siffarta kamar tukunya mai buɗaɗɗen baki, da alamar motsin rai a tsakiyarta. Ya ce a cikin kowace taya akwai wata 'yar na'ura da ke jin iskar tayar, in iskar ta ragu sai ta sanar da motar, motar ta kunna wannan fitila. Ya ce ya san halina sarai, shi ya sa yake so in yi masa alkawari: duk ranar da na ga ta kama, in tsaya, ba gardama, ba wai bari in ƙarasa ba. Na ce masa ya mayar da ni yarinya. Ya ce ya ji, in dai yi alkawarin. Na yi, muna dariya, ban san maganar za ta zame mini ƙarfen ƙafa ba.

Ranar da zai rasu shi ya kamata ya tafi da motar. Ni na ce ina da zirga-zirga a makaranta, ya bar mini ita ya shiga ta haya. A hanyar Kafin Hausa tayar gaba ta fashe musu suna cikin gudu. Ban ga motar ba, ban kuma so a kwatanta mini ba, amma kalmar nan ta fashewar taya ta zauna mini a ƙirji daram. Tun daga ranar na ɗauki alwashi ƙafata ba za ta sake taka motar haya ba. Tawa kawai na yarda da ita, don ita tana da bakin da za ta gargaɗe ni.

Babana masunci ne a wani ƙauye cikin fadama, can wajen Baturiya. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, shi ya raine ni, shi ya kai ni boko lokacin da ake yi masa dariya a kan haka. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. A shekarun nan yanar ido ta rufe masa gani, sai dai kunnensa kamar me. Duk sanda muka je da marigayi, tun motar ba ta bayyana ba zai miƙe daga gindin tsamiyar bakin hanya ya ce ga su nan, wai motarmu tana da wani ɗan fito a cikin kukanta da ba ya ɓace masa. Ya zo mini ta'aziyya, ya yi 'yan kwanaki, ya ce shi ɗakin siminti ba ya ba shi barci, zai koma. Da zai tafi ya riƙe hannuna ya ce in na fita takaba in zo masa da kaina a motar, in tuƙo ta da hannuna, mutanen ƙauye su ga 'yarsa ba ta durƙushe ba. Ya ce in yi ƙoƙari in zo kafin ruwa ya cinye hanya. Na ce masa Asabar ɗin farko da na fita, yana zaune zai ji fiton.

Asabar ɗin ta zo, damina ta fara sauka. Na sayi goro da sukari da ganyen shayi da sabon bargo, na zuba a bayan mota, na kama hanya da hantsi. Wallahi ranar na ji daɗin da na manta da irinsa. Na fita daga gari, na wuce gidajen ƙarshe, gonakin shinkafa suka fara buɗewa hagu da dama. Daidai wata kwalbati da ke kusa da wasu goruba, sai na ga abu yana ƙyaftawa a gaban sitiyari. Ita ce. Ta yi ta ƙyafta ido na ɗan lokaci, sannan ta tsaya cak tana kallona. Gabana ya yanke ya faɗi, da ƙyar na gangara gefen titi. Na fito na zagaye motar, na duba tayoyin ɗaya bayan ɗaya, na danna su da ƙafa, ban ga komai ba. Amma ai marigayi bai ce in na duba ban ga komai ba in wuce ba. Na juya kan motar na dawo gari a hankali, masu keke suna wuce ni.

A bakin gari na tsaya wurin wani mai faci. Ya sa geji ya auna duka huɗun, har da safaya, ya ce iska lafiya lau, ko ɗigo ba ta ragu ba. Na nuna masa fitilar. Ya leƙa ya yi dariya, ya ce Hajiya ai fitilun motocin nan ƙarya gare su, rabin motocin garin nan haka suke yawo da ita a kunne, wasu ma baƙin salatif suke liƙa mata su huta. Nan fa raina ya ɓaci. Na ce masa irinsu ne suke buga wa tayoyin haya iska su sallame su su je su kashe mazajen mutane. Bawan Allah ya naɗe tiyon iskarsa, ya ce Allah ya ba ni haƙuri. Har yau in na tuna fuskarsa kunya takan kama ni, don bai yi mini komai ba.

Washegari na tayar da motar, babu fitila. Duk makon na yi ta zuwa makaranta da kasuwa, ko sau ɗaya ba ta kama ba. Na ce to, ta huce. Asabar ta zagayo na sake ɗaukar hanya, goron nan na nan a baya. Ina isa kwalbatin nan, ƙyaf, ƙyaf, ƙyaf, sannan ta tsaya. Na sake juyowa. Na canja tayoyin gaba na sa sababbi fil, na koma, ta sake kamawa, kusan a gindin gorubar nan dai. Daga nan sai tunanina ya bar kan iska ya koma wani wuri. Na ce me ya sa ba ta kamawa a cikin gari sai a hanyar nan? Me ya sa sai a wuri ɗaya? Na fara raya wa kaina cewa nuni ne ake yi mini, akwai abin da ke jirana a gaba, ana tare ni ne. Ni da nake koya wa yara kimiyya da lissafi, ni ce na zauna ina wannan saƙa da warwara.

Za ku ce me ya hana ni tambaya. Girman kai ne, ba wani abu ba. Tun ana zaman makoki wasu daga dangin marigayi suke ta ƙananan maganganu, wai mota ba kayan mace ba ce, wai ba za ta yi wata biyu a hannuna ba sai ta zama ɗakin kaji. Na rantse ba wanda zai ji daga bakina cewa motar ta gagare ni. A makaranta ma ban faɗa wa kowa ba, ga malamai maza masu motoci muna shan shayi tare kullum. In an tambaye ni jikin Baba sai in ce da sauƙi, kamar jiya na baro shi.

Baba ba shi da waya. Ta wayar ɗan baffana muke magana, wanda nake kira Yaya, shi ne yake kula da shi a ƙauye. Duk yammacin Asabar sai Yaya ya kira ya miƙa masa, ni kuma in shirya ƙaryata tun kafin wayar ta yi ƙara. Yau taron malamai, gobe jarrabawa, jibi baƙi daga ofis. Baba sai ya ce ba komai Uwata, aiki ai shi ne gaba, ruwa ma bai iso ba tukuna. Wata rana Yaya ya matsa gefe ya rage murya, ya ce shi fa abin ya fara damunsa. Ya ce duk Asabar tun da safe tsohon nan yake sa a ɗauko masa farar rigarsa ta Juma'a, ya je gindin tsamiya ya zauna ya karkata kunne wajen hanya, ba ya tashi sai la'asar. Ya ce in motar ce ta lalace in faɗa masa, zai zo da babur ya ɗauke ni. Maimakon in fashe da kuka in gaya masa gaskiya, sai na hau shi da faɗa. Na ce wa ya ce masa motata ta lalace, kuma ni na yi masa kama da wadda za a goya a babur kamar buhun shinkafa? Ya ce Allah ya huci zuciyata, ya kashe wayar.

Sau ɗaya na gwada zuwa tasha. Na tsaya kusa da motar da ke lodin wajenmu, idona bai sauka ko'ina ba sai kan tayoyinta, duk sun siɗe sumul kamar tafin hannu. Na kasa shiga, na koma gida na kwanta a kan tabarma da mayafina a jikina.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, shi ne ya fi yi mini nauyin rubutawa. Daga baya na daina jin haushin fitilar nan. Gidana shiru ne, Edita, irin shirun da in cokali ya faɗi sai ka firgita. Ba mai tambayata ina za ni, ba mai cewa na daɗe ban dawo ba. Abu ɗaya ne ya rage a duniya da yake ce mini tsaya, kuma da maganar marigayi yake faɗa. Sai ya zama ina fita ranar Asabar ina sane da cewa ba zan wuce kwalbatin ba. In ta kama sai in gangara inuwar goruba, in bar motar a kunne, in zauna ina kallonta. Manoma suna ta dashen shinkafa, balbelu suna bin shanu a bakin ruwa, ni kuwa ina cikin mota ina hira da fitila. Ina ba ta labarin makaranta, ina ce mata na ji, na tsaya, ga shi ban yi gardama ba. Can gaba kuma tsoho yana zaune cikin farar riga yana sauraren hanya. Goron da na saya masa a bayan motar ya bushe ya yi baƙi.

Ana haka ruwa ya zo. Shekarar kogin ya cika ya tumbatsa, ya haye gonaki, ya yanke hanyar ƙauyenmu. Yaya ya kira ni da rana tsaka, muryarsa ba yadda na saba ji ba. Ya ce ruwa ya shiga gari, an kwashe mutane zuwa makarantar da ke kan tudu, kuma zazzaɓi mai zafi ya kwantar da Baba kwana da kwanaki. Ya ce ba roƙona yake ba, gaya mini yake, in ina son ganinsa in taho. A ranar motata ba ta da wani amfani, ko fitila ta kama ko kar ta kama. Na ɗauko bargon nan daga bayan mota, na je tashar nan da nake gudu, na shiga motar nan mai siɗaɗɗun tayoyi, na rufe ido ina ta salati har inda titi ya ƙare a cikin ruwa. Daga nan muka shiga kwale-kwale, muka ratsa ta saman gonakin mutane, kan dawa kawai ake gani. Ba abin da ya same ni. Ko tuntuɓe ban yi ba.

Na tarar da shi kwance a kan tabarma a kusurwar wani aji, an jingine kujerun ɗalibai a bango. Zazzaɓin ya sauka amma hankalinsa bai dawo daidai ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'a da ladabi, irin amsar da ake yi wa baƙuwa. Ya tambaye ni daga ina. Na ce daga Haɗeja. Sai fuskarsa ta washe, ya ce to ko na ga wata farar mota a hanya, mace ce take tuƙa ta? Na ce Baba ni ce, Uwarka ce, ga ni na zo. Ya laluba ya taɓa hannuna, ya yi murmushi, ya ce a'a baiwar Allah, 'yarsa a mota za ta zo, ya san kukan motar, kuma bai ji shi ba. Yaya ya sa baki, ya rantse masa, mata suka taru suna gaya masa. Ya ce su dai bar shi, ya fi su sanin 'yarsa.

Na zauna ina jinyarsa a ajin nan. Ni nake dama masa kunu, ni nake wanke masa kaya, ni na lulluɓa masa bargon da ya yi watanni a bayan mota. Kullum sai ya sa mini albarka, ya ce Allah ya ba ni 'ya'ya masu jin ƙaina. Kullum da safe sai ya tambaya ko yau Asabar ce. Abin da ya fi kashe ni shi ne yadda yake ba ni haƙuri a madadin 'yarsa. Ya ce kar in ga laifinta da ta bar mini wahalarsa, aiki ne ya yi mata yawa, ga ta ita kaɗai, mijinta ya rasu. Ya ce yarinyar kirki ce, tun tana ƙarama ba ta iya ƙarya ba, in ta ce za ta zo to za ta zo. Nakan fita bayan ajin in toshe bakina da mayafi don kar ya ji. Bai kai janyewar ruwa ba Allah ya karɓi abinsa. A kan tudun aka binne shi, kuma har ya cika bai kira ni Uwata ba.

Bayan na dawo gari, girman kan duk ya zube. Na faɗa wa wani malami abokin aikina komai game da fitilar, ya kwatanta mini shagon wani mai wayarin mota da ke da na'urar bincike. Mutumin ya jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya ɗan daddanna, ya ce batirin na'urar da ke cikin tayar baya ne ya mutu, tsufa ne kawai, haka suke yi. Ya ce motar ba ta gane na'urar ta yi shiru sai an ɗan yi tafiya mai nisa ba tsayawa, shi ya sa ba ta kamawa a zirga-zirgar cikin gari. Ya ƙara da cewa in iska ce ta ragu, fitilar kamawa take yi kai tsaye ta zauna, amma in ta fara da ƙyaftawa tukuna, to na'urar ce take da matsala ba tayar ba. Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Na tambaye shi batun kwalbati da goruba, ya ce shi bai san wata goruba ba, tazarar ce dai take kai ni wurin. Ya ciro abin ya ɗora mini a tafin hannu, ɗan mitsitsi, batirin cikinsa bai fi maɓallin riga ba. Na fara dariya, dariyar ta juye kuka, har mutumin ya rasa inda zai sa kansa. Kafin azahar ya sa sabuwa ya gama.

Ba ina cewa ku raina fitilar nan ba ne, ku fahimce ni. Taya ce ta raba ni da mijina, ni ce ta ƙarshe da za ta ce a liƙa mata salatif. In ta kama ku tsaya, ku sa a auna iskar da geji. Amma in geji ya ce lafiya, ita kuma ta nace, to ku kai ta wurin wanda ya san kanta a ranar, ku buɗe baki ku yi tambaya. Na'ura ce, batir gare ta, tana tsufa tana ruɗewa kamar kowa. Marigayi rabin bayanin ya sani, rabin ya ba ni, ni kuma na riƙe shi kamar aya saboda ba ni da sauran abin riƙewa. Ban ga laifinsa ba. Laifina ne da na kulle tsorona a ciki ni kaɗai, na gwammace in yi wa mahaifina ƙarya da a ce mota ta gagare ni. Da na faɗa wa Yaya kalma ɗaya, da na hau babur ɗin nan, da Baba ya taɓa fuskata yana sane da ko ni wace ce.

'Yan'uwana mata da aka bari su kaɗai a gida, ku na fi yi wa wannan rubutu. Kaɗaici yana sa mutum ya ga saƙo a inda babu saƙo, ya kama hira da abin da ba ya ji, ya bar mai rai yana jira. Duk wadda take da tsoho a ƙauye da ta ce wa tana nan zuwa, ta tashi ta je, a mota ne, a babur ne, a ƙafa ne. Kar ta ce sai wata Asabar.

Da hanya ta bushe na tuƙa motar da hannuna har ƙauyenmu, kamar yadda ya roƙa. Na wuce kwalbati, na wuce goruba, fitila ba ta ce uffan ba. Mutane suka fito suna kallo, yara suna bin motar a guje. Na tsaya a gindin tsamiyar, na kasa kashe injin. Yaya ya fito ya tsaya a bakin taga, ya gane dalilina. Har yanzu in na je haka nake yi, nakan bar ta ta ɗan yi kukanta a wurin kafin in zare makulli, ko da yake na san babu mai sauraro.